Kafin a Sayar da Shanun Dada

Wasiƙar wannan makon daga Gombe ta zo. Na rage mata tsawo, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Baba. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, a cikin garin Gombe nake. Na karanta ilimin labarin ƙasa a jami'a, na fita da 2:1, na gama bautar ƙasa, yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Burina in yi digiri na biyu a fannin GIS, wato aikin taswira da kwamfuta, ko kimiyyar muhalli, amma tun rasuwar mahaifinmu babu halin haka. Sau huɗu ina neman tallafin karatu na ƙasashen waje. Biyu sun ba ni haƙuri, biyu ko amsa babu. A kowanne na yi bayanin maraicina da halin da muke ciki, ban ɓoye komai ba. Kwanan nan wata ƙawata ta haɗa ni da wani mutum a WhatsApp, ya ce yana da hanya, in na biya naira dubu 650 zai samo mini gurbi da cikakken tallafi a Turai. Har ya turo mini hotunan takardun waɗanda ya ce ya yi wa. Ya ce gurbi biyu suka rage, ƙarshen wata zai rufe. Dada, mahaifiyata, ta ce za ta sayar da shanunta biyu da ke wurin kiwo a ƙauye, su kaɗai ta mallaka. Shi kuma Baffana, ƙanin mahaifinmu, ya ce ko an samu ba zai bari 'ya mace ta tafi ƙasar Turawa babu aure ba. Na rasa inda zan sa kaina. In biya, ko in haƙura da karatun gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya saka wa Dada da alheri.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Yau ɗin nan, kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ma, ki je ki gaya wa Dada kada a aika wa mai kiwo saƙo. Mutumin nan ɗan damfara ne. Ban san shi ba, ban ga fuskarsa ba, amma na san aikinsa, domin an taɓa yi mana shi a cikin gida.

Ɗan ƙanwata ne, a Bauchi. Shi ma ta hannun aboki aka haɗa shi da wani mai "hanya". Da farko kuɗin fom aka karɓa, ba su da yawa. Bayan mako biyu sai ga takarda mai ɗauke da tambarin jami'a, da hatimi, da sa hannu, har da sunansa an rubuta da manyan baƙaƙe. Ranar aka yi ta murna a gidan. Daga nan aka ce a kawo kuɗin tantancewa, aka kai. Sai kuɗin inshora, shi ne ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi. Ni ban ji labari ba sai da aka zo neman rancen kuɗin tikiti. Na ce ya buɗe mini saƙon a wayarsa. Ina dubawa na ga adireshin da takardar ta fito na Gmail ne, irin wanda kowa ke buɗewa kyauta cikin minti biyar, kuɗin kuma duk asusun wani mutum aka tura su, ba na wata makaranta ba. Muka kira lambar a gabana, aka ɗauka, na gabatar da kaina a matsayin kawunsa, na yi tambaya ɗaya. Tun daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Yaron ya fi wata uku ba ya zama a majalisar unguwa saboda kunya.

Ki duba naki, kamanninsu ɗaya. "Gurbi biyu suka rage, ƙarshen wata zan rufe" dabara ce ta hana ki shawara. Hotunan takardun da ya turo, yaron da ke shagon buga takardu zai haɗa miki irinsu kafin ki gama shan ruwan leda. Masu ba da tallafi na gaskiya, irin su Chevening da Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus, ba sa karɓar ko sisi kafin a cika fom ɗinsu, kuma ba su da dillali. Kwamiti ne ke zama ya karanta takardu, ya ba da maki, wani lokaci a kira mutum ganawa. Babu wanda ke riƙe da gurbi a aljihu da zai sayar. Kada ki yi wa ƙawar taki faɗa, mai yiwuwa ita ma an ja ta ne. Ki dai tambaye ta a hankali ko ta riga ta biya wani abu.

Ban ce neman tallafi ba ya cin kuɗi ba. Akwai fasfo, akwai jarrabawar Turanci ta IELTS wadda ba ta da sauƙi a aljihu, akwai kuɗin fitar da cikakken sakamako daga jami'a, akwai data. Wasu jami'o'in ma suna cajin kuɗin neman gurbi. Amma kowanne da ƙofarsa da rasidinsa, ke da kanki za ki biya a shafin hukumar ko makarantar.

To, yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda ke ba ki ɗauke shi matsala ba. Kin ce a kowace takarda kin yi bayanin maraicinki, ba ki ɓoye komai ba. Ina ganin nan ne gizo ke saƙar.

Kada ki ji zafin maganata. Mun taso a inda in za ka nemi taimako wurin babba, sai ka durƙusa, ka faɗi halin da kake ciki, ka ƙanƙantar da kanka, shi kuma ya duba Allah ya ba ka. Tarbiyya ce mai kyau, a zauren mai unguwa ko gaban attajiri. Amma mutanen da ke karanta takardun nan ba sadaka suke rabawa ba. Gwamnatin Jamus ko ta Birtaniya ko Tarayyar Turai tana da abin da take so kuɗinta ya haifar: mutumin da zai koyo abu, ya dawo ya yi aiki da shi a inda ya fito. Gaskiya ne wasu, kamar Commonwealth da gidauniyar Mastercard, suna la'akari da rashin hali. Sai dai rashin halin shigar da ke layi kawai yake yi, kuma layin cike yake da marayu daga Kano har Kampala. Wanda ya karanta takarda ɗari a yini, saba'in da suka fara da "na taso cikin talauci" sun riga sun gauraye a kansa. Wadda zai tuna ita ce wadda aka ce masa: ga matsala a wuri kaza, ga abin da na riga na yi a kanta da ɗan abin da ke hannuna, ga inda ilimina ya tsaya, shi ya sa nake son wannan kwas ɗin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga tambayata, ki amsa wa kanki tsakani da Allah: tun da kika bar jami'a, taswira nawa kika zana da hannunki? Ba ina nufin wadda aka kwafa a furojet ba. In amsar babu ce, ba abin kunya ba ne. Na san yadda ake koyar da GIS a wurare da dama: a allo, malami ya zana akwatuna da kibiyoyi, a haddace ma'ana, a rubuta jarrabawa, a fita da A ba a taɓa linzamin kwamfuta ba. Amma mai tantancewa a Holan ko Jamus ya san da haka shi ma, shi ya sa sakamako kaɗai ba ya gamsar da shi.

Saboda masu karatu da ba fanninsu ba: GIS hanya ce ta shimfiɗa bayanai a kan taswira cikin kwamfuta, ɗaya bisa ɗaya kamar tabarmi. Tabarmar farko tudu da gangare, ta biyu hanyoyin ruwa, ta uku gidaje, ta huɗu irin ƙasar wurin. In aka haɗa su sai a ga abin da ido ba ya gani daga ƙasa, misali gidajen da ruwa zai fara ci in aka yi mamako.

Ke kuwa Allah Ya ajiye ki a garin da ɗalibin wannan fanni zai yi sha'awar zuwa ya yi bincike. Gombe a cikin kwari take, ruwa na gangaro mata daga tudun yamma, ta wajen Tumfure da Akko, ƙasarta kuma rairayi ce mai saurin zubewa. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 garin ke faɗaɗa. Inda da gona ce ko daji da ke shanye ruwan sama, yanzu kwano ne da siminti da kwalta, ruwan ba shi da wurin nutsewa sai ya taru ya yi gudu, duk inda ya sami ƙasa mai laushi ya yanka. Haka kwaruruwan nan suke samuwa, haka suke cin gidajen mutane kowace damina. Ba sai na gaya miki ba, kin fi ni sanin unguwannin da ake kwana da ido ɗaya a watan Agusta. Matsala ce da har Bankin Duniya ya sa kuɗi a kanta: shirin ACReSAL, na dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, yaƙi da zaizayar ƙasa da lalacewarta na cikin aikinsa.

Ki zaɓi kwari ɗaya. Ɗaya tak, wanda ya fi kusa da gidanku, wanda za ki iya zuwa da ƙafa ko da kuɗin Keke Napep kaɗan. Ki sauke Google Earth Pro, mai nuna hoton ƙasa daga sama, a kwamfuta, kyauta ne. Yana da wani ɗan maɓalli mai hoton agogo da ke mayar da hoton wuri baya shekara da shekaru. Ki ja shi a hankali ki ga bakin kwarin yana matsawa, ki ga gidan da yake tsaye a tsohon hoto babu shi a sabo. Ranar farko da na nuna wa wani ɗalibi wannan, shiru ya yi, sannan ya sa yatsa a kan gilashin ya ce nan ne gidan kakarsa yake. Ki bi bakin kwarin ki zana shi a kowace shekarar da hoton ya fito sarai, ki kwashe layukan zuwa manhajar taswira ta QGIS, wadda ita ma kyauta ce kuma tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarta. A nan za ki auna faɗi da tsawo, ki ƙirga gidajen da ke cikin mita 20 ko 50 daga baki.

Don nuna yadda garin ya faɗaɗa, akwai hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da Amurka ke ɗauka tun 1972 kuma ta sake su kyauta tun 2008, da na Sentinel-2 na Turai da ya fara a 2015. Amma ki kula da wani abu da zai nuna kin san aikinki: kowane ɗigo a hoton Landsat mita 30 ne, na Sentinel-2 mita 10. Sun isa su nuna unguwa ta cinye gona, ba su isa su nuna ƙaramin kwari mai faɗin mita huɗu ba. Ɗalibin da ya rubuta wannan iyakar da kansa ya fi burge malami a kan wanda ya cika takarda da manyan kalmomi.

Sannan ki taka ƙasa. Ki fara da gaida mai unguwa, ki yi masa bayani, kada a gan ki da waya kina ɗaukar hoton gidajen mutane a ɗauka gwamnati ce ta aiko a yi rusau. Ki tafi da ƙaninki. Kada ki matsa bakin kwari bayan an yi ruwa, ƙasar da ta yi kamar tana da ƙarfi ƙarƙashinta rami ne. Ki sami abin da ba ya motsi, turken wuta ko kusurwar katanga, ki auna da tef daga nan zuwa baki kafin damina, ki rubuta kwanan wata, ki dawo bayan damina ki sake aunawa. Ki zauna da tsofaffin matan unguwar, su ne suka san shekarar da ruwa ya fara yanka wurin da dalilin da ya sa, wani lokaci ma za su gaya miki kwalbatin da aka yi a sama wanda ya juyo musu da ruwa. Manhajar KoboToolbox za ta taimaka miki ki tattara amsoshi da inda aka tsaya a waya, ko babu intanet a lokacin.

Cikin wata biyar ko shida za ki sami taswira uku ko huɗu da rahoto mai shafi biyar. Ki buga kwafi ki kai wa mai unguwa, ki kai ofishin da ke kula da muhalli, ki kai wa malaminki na jami'a. Yanzu ki kwatanta buɗewar takarda biyu. Ta farko: ni marainiya ce, ina da sha'awar GIS tun ina ƙarama. Ta biyu: kwarin da ke bayan unguwarmu a Gombe ya matso mita kaza cikin shekara kaza, gidaje kaza ne a bakinsa yanzu, na auna wannan da kaina da kayan aiki na kyauta, amma ban iya lissafin yawan ruwan da zai bi ta nan in garin ya ci gaba da faɗaɗa ba, shi nake so in koya. Ke a ce ke ce mai zaɓe, wa za ki kira? Maganar maraici tana da wurinta, layi biyu, a inda aka tambaya.

Akwai kuma abin da nake zargin ya kayar da ke tun kafin a karanta labarinki. Tallafi da dama suna da sharaɗin aiki. Chevening na Birtaniya yana son shekara biyu, su suna lissafa shi sa'o'i 2,800, kuma in an gama karatu dole a dawo gida a zauna aƙalla shekara biyu. DAAD na Jamus, a tsarinsa na kwasa-kwasan da suka shafi ci gaban ƙasashe, shi ma shekara biyu yake nema bayan digiri, kuma yawanci ba ya son digirin ya wuce shekara shida da gamawa. A cikin jerinsa akwai kwas ɗin taswira da sarrafa bayanan ƙasa a birnin Stuttgart. In kin nemi irin waɗannan kina tsakiyar bautar ƙasa, ba mamaki ko amsa ba ki samu ba. Yanzu lokacinki ya kusa cika ko ya cika. Ki zauna da biro ki lissafa watanninki, ki karɓi takardar shaidar aiki daga makarantar da kike koyarwa. Sai dai koyarwa a aji ba ta kai aikin da ya shafi fannin kai tsaye nauyi ba, musamman wurin Jamusawa. Shi ya sa nake so ki je ki ƙwanƙwasa ƙofa: GOGIS, hukumar da ke sarrafa bayanan filaye ta jihar Gombe, ko ofishin ACReSAL na jiha, ko ofishin wani safiyo mai zaman kansa. Ki ce kina so ki riƙa zuwa kwana biyu a mako ko lokacin hutun makaranta, ko ba biya. Mai zuwa da taswirarsa a hannu ba a cika mayar da shi daga bakin ƙofa ba.

Wanda na fi so ki sa wa ido shi ne Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Yawancin kwasa-kwasansa shekara biyu ne, ana yin su a ƙasashe biyu ko fiye, ana biyan kuɗin makaranta a kuma ba ɗalibi yuro 1,400 a wata, da yawa daga cikinsu kuma ba sa dagewa a kan shekarun aiki. A fanninki an daɗe ana yin wani da cibiyar ITC ta jami'ar Twente a Holan ke yi tare da jami'ar Lund ta Suwidin da wasu, kan amfani da hoton tauraron ɗan'adam wajen kula da muhalli. Akwai wani tsakanin Munsta a Jamus da Lisbon a Fotugal da Kastelon a Sifen, akwai kuma wanda jami'ar Salzbag ta Ostiriya ke jagoranta. Ki shiga jerin hukumar na shekarar da kike nema ki ga waɗanda ke da tallafi a lokacin, domin kuɗin zango-zango ake ba su.

A gida akwai PTDF, asusun da aka kafa tun 1973 don horar da 'yan ƙasa a fannonin da suka shafi man fetur, kuma ilimin ƙasa da na muhalli suna ciki. In za ki neme shi, dole ki ɗaura bincikenki a kan harkar mai. Ba sai kin je Neja Delta ba: rijiyoyin Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022 suna nan kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma tambayar yadda gonaki da burtali da ruwan sha na yankin suke kafin aiki ya kankama tambaya ce ta mai taswira. Kada ki ɓata lokaci a kan TETFund, na malaman manyan makarantun gwamnati ne. NELFUND kuma bashi ne, ba kyauta ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Chevening yakan buɗe a watan Agusta, Erasmus Mundus yawanci tsakanin Oktoba da Janairu ake nemansu. Ke nan aikinki na gaske tun bazara yake farawa. Cikakken sakamako daga jami'a shi ne ya fi cin rai. Na san wanda ya yi wata huɗu yana sintiri tsakanin ofis biyu da ke kallon juna, har ranar rufewa ta wuce. Ki nema yanzu, tun ba ki buƙace shi ba. IELTS shekara biyu take aiki, don haka kada ki rubuta ta sai kin shirya nema, kuma ki karanta sharaɗin kowane kwas, wasu suna karɓar takardar jami'a da ke shaida da Turanci aka koyar da ke, wasu ba sa karɓa.

Wasiƙar shaida daga malamai kuma, kada ki kira malami ana jibi za a rufe. Ki je da kanki wata biyu kafin lokaci, da rahotonki na kwari a hannu, ki tuna masa shekarar da ya koyar da ke. Malamin da ya ga aikinki zai rubuta abin da ya gani. Wanda bai gani ba zai rubuta "ɗaliba ce mai ladabi da biyayya", irin wadda ya rubuta wa mutum hamsin.

Saura Baffa. Kada ki yi jayayya da shi a kan tafiyar da babu ita tukuna, za ku ɓata ne a banza, kuma in ya furta rantsuwa a gaban mutane janyewa za ta yi masa wuya. Tsoronsa ba na mugunta ba ne. Amanar ɗan'uwansa ce a wuyansa, kuma in wani abu ya same ki a inda ba ya iya zuwa, shi dangi za su tambaya. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki sa shi cikin aikin tun daga tushe. Ki roƙe shi shi ya kai ki wurin mai unguwa. Ranar da kika buga taswirar farko, shi za ki fara kai wa, ki nuna masa gidan wane da masallacin wane da inda ruwa ya dosa. Dattijon da aka tsayar a masallaci aka ce masa "ashe 'yarka ce ta yi mana wannan aiki" ba shi ne wanda kika bari a zaure jiya ba. In lokaci ya yi, ba ke za ki yi maganar ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limami ko wani abokin mahaifinki, in da hali a haɗa shi da wata mace daga cikinmu da ta je ta dawo da mutuncinta, ya yi mata tambayoyinsa da kansa.

In kuma ya tsaya a kan bakansa, ƙofa ba ta rufe ba. Commonwealth yana da tallafin karatu daga nesa, a yi digirin jami'ar Birtaniya ta intanet mutum yana ɗakinsa. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyar kimiyyar rayuwa da ta ƙasa a Ibadan, da cikakken tallafi, har da kwas ɗin kula da muhalli, kuma a sharaɗin shekaru an sassauta wa mata: 35 ga mace, 30 ga namiji. A Ile-Ife, cikin harabar jami'ar Obafemi Awolowo, akwai AFRIGIST, wadda a da ake kira RECTAS, cibiyar da ta daɗe tana horar da masu taswira daga ƙasashen Afirka. Ga ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, nan Bauchi, tafiyar awa biyu da wani abu, da sashen safiyo da na kula da muhalli. Waɗannan biyun na ƙarshe kuɗi za a biya, amma biya ne da rasidi, a hankali, daga albashi da adashi. Wanda ya yi digiri na biyu a gida da bincike mai kyau, hanyar digiri na uku a waje ta fi buɗe masa, har da shirin WASCAL na sauyin yanayi da Jamus ke ɗaukar nauyi, mai cibiyoyi a Minna da Akure. Wataƙila kuma Baffa ya fi sakin jiki da Turkiyya ko Maleshiya ko Saudiyya a kan Turai, ki ji ta bakinsa.

Wani zai ce miki ki yi aure kawai don Baffa ya sake ki. In mijin kirki ya zo, wanda kuka yi maganar karatun nan da shi a fili tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, Allah Ya sa albarka. Amma ki sani yawancin tallafin digiri na biyu kuɗin mutum ɗaya ne, ba a lissafa miji a ciki. Kada ki ɗauki auren shekara da shekaru don ki buɗe ƙofar shekara biyu.

Ba zan yi miki alkawarin za ki samu a zagaye na gaba ba. Ana iya sake ba ki haƙuri, masu nema suna da yawa. Abin da zai canza shi ne ko an ba ki haƙuri, kina da aiki a hannu da za ki nuna wa duk mai neman ma'aikacin taswira, daga hukumomin filaye har ƙungiyoyin lafiya da ke zana taswirar ƙauyuka don rigakafi.

In ba ki da kwamfuta, nan ne kaɗai zan yarda a yi maganar kuɗi, kuma ba ta kai a taɓa saniya ba. Ki shiga adashin malaman makarantarku ki roƙi ɗaukan farko, ki sayi ta hannu mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait takwas, ki sa wanda ya sani ya raka ki ya duba batirin. Kafin nan ki ari ta wani a ƙarshen mako.

Lambar mutumin nan ki toshe ta, bayan kin ɗauki hoton duk hirarku da lambar asusun da ya turo, ko da ƙawarki za ta buƙace su wurin hukuma. Ki auna kwarinki kafin ruwan farko ya sauka. In kaka ta yi kin sake aunawa, ki turo mini taswirar ta wannan adireshin, zan duba miki ita da jan biro, kuma ba na sassauci. Ki gaida Dada, ki ce mata Baba ya ce a bar shanun su haihu.